Masu Tsaronmu, Wa Ke Tsaya Musu? Lacca a kan Tafiyar da Ƙungiyar Jami'an Tsaro



Mai girma shugaban wannan zama. Iyayenmu wakilan masarautun Talata Mafara da Bakura da Maradun, Allah ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Manyan jami'ai da ƙanana, masu ci da waɗanda suka ajiye kaki. Iyaye mata, musamman waɗanda mazajensu suka fita aiki ba su dawo ba. 'Yan'uwa baki ɗaya, barkanku da zuwa.

An nemi in yi magana a kan yadda ake tafiyar da ƙungiyar jami'an tsaro, saboda shawarar da ake yi ta kafa irinta a wannan yanki. Na karɓa da hannu biyu, domin a ganina an ma makara.

Daga 1999 zuwa 2023 shekara 24 ke nan. A cikin 20 daga cikinsu ɗan wannan yanki ne ke zaune a gidan gwamnati a Gusau: Ahmad Sani Yariman Bakura shekara 8, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara shekara 8, Bello Matawalle na Maradun shekara 4. Babu mai cewa mutanen nan ba su iya haɗa kai su nemi abu su samu ba. Kuma wannan yankin ne shekarar 2021 ta gasa wa aya a hannu. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A watan Agusta aka afka wa kwalejin koyon aikin gona ta Bakura, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata, aka kashe ɗan sanda ɗaya da masu gadi biyu. Ranar 1 ga Satumba aka ɗebi ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun. Duniya ta ƙirga ɗaliban nan ɗaya bayan ɗaya har suka dawo, kuma haka ya dace. Mutum ukun da suka faɗi a Bakura kuwa layi ɗaya suka samu a labarai. Kowannensu akwai gidan da ya fito, akwai masu jiran dawowarsa. Irinsu suna da yawa a hanyar Gusau zuwa Sakkwato, da Lambar Bakura, da ƙauyukan da mota ba ta shiga da damina. Dominsu nake wannan magana.

Sai mu fara da doka, don kada a yi gini a filin da ba namu ba. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta dokar soja ce ta 1973, ta lissafa ma'aikatan da ba su da izinin kafa ƙungiyar ƙwadago ko shiga cikinta: sojoji, 'yan sanda, kwastan, jami'an shige da fice, gandirobobi, har da ma'aikatan Babban Banki da na kamfanin buga kuɗi. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, amma sashe na 45 ya ba da damar taƙaita wannan 'yanci saboda tsaron ƙasa da zaman lafiya. Ko yarjejeniya ta 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1948, ta bar wa kowace ƙasa ta yanke wa kanta hukunci a kan 'yan sanda da sojoji. Saboda haka duk wanda ya zo wannan zama da tunanin yajin aiki, ya ajiye shi a bakin ƙofa.

An taɓa gwadawa. Ranar 1 ga Fabrairu 2002 ƙananan 'yan sanda suka ƙi fita aiki a wasu jihohi, saboda alawus da aka riƙe musu da ƙarin girma da ya tsaya shekara da shekaru. Gwamnatin Obasanjo ta kira abin bore, ta fito da sojoji, aka kama waɗanda ake zargi da shirya shi, wasu suka rasa aikinsu. Wata guda bayan haka aka sauke Sufeto Janar Musiliu Smith, aka naɗa Tafa Balogun. Kokensu gaskiya ne, har gwamnati ta fara biyan bashin. Amma ba su da wata ƙofa ta halas da za su ƙwanƙwasa, sai suka fasa bango.

Ingila ta shiga irin wannan hali tun 1918, da 'yan sandan Landan suka yi yaji ana tsakiyar yaƙin duniya. A 1919 majalisarsu ta yi doka guda mai fuska biyu. Ta hana ɗan sanda yaji da shiga ƙungiyar ƙwadago, kuma a cikin dokar nan ta kafa masa Tarayyar 'Yan Sanda, wadda aikinta shi ne ta kai kukansa gaban hukuma a kan albashi da walwala. Waɗanda suka sake yin yaji a shekarar, fiye da mutum 2,000, an kore su ba a mayar da ko ɗaya ba. Ni ina goyon bayan hana yaji. Garin da 'yan bindiga ke kewaye da shi ba zai iya kwana ɗaya babu mai gadi ba. Amma ƙasar da ta karɓe wa mutum yaji, bashi ne a kanta ta ba shi bakin magana. Mu mun ɗauki rabin farko na dokar Ingila, mun bar rabi na biyu. Wannan gyara aikin Majalisar Tarayya ne, kuma ya kamata a ci gaba da nemansa.

Kafin nan, filin da doka ta bari ba ƙarami ba ne. Akwai ƙungiyar matan 'yan sanda ta POWA. Akwai ƙungiyar tsofaffin 'yan sanda masu ritaya. Akwai ƙungiyar gama-kai ta rundunar, da ƙaramin bankinta da aka kafa a 1993. Akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a tun 1984. Duk waɗannan na ƙasa ne baki ɗaya, kansu yana Abuja ko Legas, kuma kafin hannunsu ya iso caji ofis na Maradun tafiya ce mai nisa. Abin da ya rage mana shi ne ƙungiya ta kusa, ta taimakon juna da kare mutuncin aiki, wadda tsofaffin jami'ai za su riƙe ragamarta, masu kaki su shiga da sanin kwamishina da amincewarsa a rubuce. Ana iya yi mata rajista a matsayin ƙungiyar gama-kai a ma'aikatar jiha, ko a Hukumar Rajistar Kamfanoni da sunan amintattu a ƙarƙashin dokar 2020. Kowace aka zaɓa, a yi ta kafin a karɓi ko kwabo daga hannun kowa.

Ƙungiyar da ba ta da makamin yaji, jarinta ɗaya ne, wato a yarda da ita. Mambobinta su yarda da ita a kan kuɗinsu, jama'ar gari su yarda da ita a kan gaskiya. Duk sauran maganata a kan waɗannan biyun take.

Kuɗi tukuna. Ɗan sandan Nijeriya yana da dalilin tsoron duk wanda ya ce masa kawo in ajiye maka. A watan Janairun 2013 wani mataimakin darakta a ofishin fanshon 'yan sanda, John Yakubu Yusuf, ya amsa laifi a gaban kotu a Abuja a shari'ar sama da naira biliyan 23 na fansho. Aka yanke masa shekara biyu ko tarar naira 750,000. Ya biya a ranar, ya tafi gida. Sai a 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mayar da hukuncin shekara shida da biyan naira biliyan 22.9. A tsakanin nan tsofaffi nawa suka mutu suna bin layin tantancewa? Wanda ya ga wannan da idonsa, in kuka ce ya riƙa ba da dubu biyu duk wata, dole ya tambaya wa zai riƙe. Kada ku ji haushin tambayar. Ku amsa ta a cikin tsarin mulkin ƙungiya.

Ku dubi uwar adashi a unguwa. Wata ko karatun boko ba ta yi ba, amma adashinta yana shekara goma bai watse ba, saboda kowace mai zubi ta san nawa ake tarawa, ta san ranar kwasa, ta san wadda za ta kwasa. Ranar da uwar adashi ta fara cewa ku bari zan yi muku bayani daga baya, ranar adashin ya mutu. Asusun ƙungiya ma haka yake. A buɗe shi a banki da sunan ƙungiya, kada a yarda da asusun shugaba ko na ma'aji ko da na mako ɗaya ne. Mutum uku su zama masu sa hannu, kada kuɗi ya fita sai da biyu, kuma ukun kada su fito daga ƙaramar hukuma ɗaya. Saƙon banki ya riƙa shiga wayar mutum biyar ko shida. Duk ƙarshen wata a liƙa takardar abin da ya shigo da abin da ya fita inda kofur zai karanta ba sai ya nemi izini ba. Duk shekara a ɗauko mai binciken kuɗi daga waje, wanda ba ya sara wa kowa a cikinku. A kuma riƙe littafi na takarda tare da na waya. Mun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumban 2021, aka yi makonni babu kira babu saƙo. Ƙungiyar da duk lissafinta ke cikin waya, a irin wannan lokaci makauniya ce.

Ita ma Tarayyar Ingila da na yaba, wannan ramin ta faɗa. Binciken da kwamitin Normington ya fitar a 2014 ya gano rassanta na riƙe da wasu asusun ajiya da ko uwar ƙungiya ba ta san abin da ke ciki ba, kuma yawancin mambobi sun daina ganin amfaninta. A shekarar gwamnati ta janye tallafin da take ba ta. Shekara kusan ɗari ba ta kare ta daga sharrin ɓoye lissafi ba.

Sai alkawari. A ranar ƙaddamarwa baki yakan yi zaƙi, a ce duk wanda ya rasu za a ba iyalinsa miliyan kaza. Ku yi lissafi kafin ku furta. A ƙaddara kuna da mamba 600, kowa na ba da naira 2,000 a wata. Miliyan 1.2 ke nan a wata, miliyan 14.4 a shekara. In kun yi alkawarin miliyan ɗaya ga kowane mamaci, mutum goma suka rasu, saura miliyan 4.4 ga masu rauni da marasa lafiya da kuɗin mota da takarda. Kuma a yankinmu kwanton ɓauna ɗaya na iya cin mutum goma a yini guda. Gara ku yi alkawarin dubu ɗari uku ku cika a cikin mako, da ku yi na miliyan gwauruwa ta yi shekara tana zarya. Asusun mamata kuma a ware shi daban, kada a ranta wa kowa daga cikinsa, ko da shugaba ne zai aurar da 'ya.

Rance shi ne inda ƙungiyoyin ma'aikata da yawa ke samun riba, ta hanyar kuɗin ruwa. A jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun Oktoban 1999, mambobi da yawa ba za su shiga abin da ke da riba ta haram ba, kuma suna da gaskiya. Hanyar halas tana nan a ƙofar gidanmu. Da kaka, lokacin da shinkafar Bakalori da gero da dawa suka cika kasuwar Talata, ƙungiya ta saya ta adana, ta sayar wa mamba da ribar da aka faɗa masa tun farko, ya biya a wata uku ko huɗu. Malamai suna kiran wannan murabaha, bankunan Musulunci ma da ita suke aiki. Haka za a iya yi da taki, da babur, da ragon layya. Mai riƙe da makullin sito dabam, mai riƙe da littafi dabam. Rancen asibiti kuwa a ba da shi ba ƙari, a mayar da abin da aka karɓa.

Yanzu na zo inda na fi so ku saurare ni da kyau, wato abin da ke faruwa bayan an yi jana'iza an watse.

Yaro ya shiga kurtu a Sakkwato ko Kaduna yana da shekara ashirin, ba mata ba ɗa. Aka ba shi fom ya rubuta wanda za a nema in wani abu ya same shi, ya rubuta babansa ko yayansa. Shekara ashirin suka wuce, ya zama sufeto, mata biyu, 'ya'ya tara, bai taɓa komawa ya gyara fom ɗin ba. Ranar da ya faɗi, sunan yayan ne a fayil. Wani yayan mai tsoron Allah ne, wani kuwa yana ganin tunda sunansa aka rubuta, kuɗin nasa ne. Ba nasa ba ne. Wanda aka rubuta a fom wakili ne da za a tuntuɓa, dukiyar mamaci kuwa ta magada ce, kotu ke raba ta yadda shari'a ta tsara. Rashin sanin wannan ya raba zumunci a gidaje da yawa, ya bar marayu suna talla.

Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Ga kuma abin da ya tara a asusun fanshonsa. Haƙƙi ne, ba alfarma ba. Amma kafin ya fito sai an haɗa takardar shaidar mutuwa, da rahoton runduna, da takardar kotu mai nuna magada, a kai Gusau, daga can a tura Abuja. Wa zai yi wannan zirga-zirga? Matar da ke cikin takaba wata huɗu da kwana goma, wadda wataƙila ba ta taɓa shiga ofis ba, kuma ana jiran ta tashi daga ɗakin bariki don wanda aka turo ya maye gurbin mijinta? A nan masu cin da gumin wasu ke shigowa, su ce kawo takardun mu bi miki, a ba mu kashi kaza.

In ƙungiyarku ba ta yi komai ba sai wannan aiki ɗaya, ta biya kuɗin kafa ta. A sami tsohon jami'i a kowace ƙaramar hukuma, wanda ya san ofis-ofis, a ɗora masa bin fayil ɗin mamata tun daga ranar uku har ranar da kuɗi ya shiga hannun magada, ƙungiya ta biya masa kuɗin mota, kada ya karɓi ko sisi daga gidan mamaci. A sa mace tare da shi, don ita ce za ta iya shiga ta zauna da mai takaba. Duk shekara a ware rana guda kowane mamba ya duba fom ɗinsa ya gyara. Sannan tallafin da ita ƙungiyar za ta bayar daga asusunta, a rubuta tun yau: kyauta ce ga mata da 'ya'ya don cefanen watannin farko, ko yana shiga cikin gado? Ga malamai nan zaune. A tambaye su kafin mutuwar farko, kada a bari sai ana gardama a kan tabarmar makoki.

Akwai kuma wanda bai mutu ba amma bai dawo daidai ba. Ya ga abokan aikinsa sun faɗi a gabansa, ya daina barci, ya fara neman sauƙi a ƙwaya, ya zama abin tsoro a gidansa da kan hanya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Kware, ba nisa. Abokin aiki da ya kama hannunsa ya kai shi cikin sirri ya ceci aikinsa, wataƙila ya ceci ran wani direba.

Shugabanci ba zan daɗe a kansa ba. Kun fi ni sanin cewa kurtu ba ya musu da Difi'o. In manya suka cika kujeru, ƙananan za su zo taro su ce to ranka ya daɗe, su koma bariki su yi gunaguni. Ingila ta raba su: Tarayya ta tsaya daga kurtu zuwa babban sufeto, manya suna da tasu. Ku da ba ku da yawan da za ku rabu, ku ware wa masu igiya rabin kujerun kwamiti, zaɓe ya zama na ƙuri'ar sirri, wa'adi shekara biyu sau biyu. Mata masu kaki su sami kujerarsu. Shekara da shekaru ƙa'idar aikin 'yan sanda ta 1968 tana cewa a kori 'yar sandar da ta yi ciki ba aure, ba ta ce komai a kan namiji ba, har sai da kotun ma'aikata a Akure ta soke ta a 2023. Ko me mutum ke gani a kan hukuncin, abin lura shi ne a kotu aka yi maganar, don a cikin gida babu zauren yin ta.

Kuɗin 'yan siyasa kuma ku guje shi. Za su kawo, da mota da buhunan shinkafa, musamman in zaɓe ya matso. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ku ne masu gadin akwati ranar zaɓe. In gwamnati za ta taimaka, ta sa a kasafi, ta biya a asusu, a rubuta a liƙa. Rajistar mambobi da adireshin gidajensu a kulle ta da kyau, kuma kada zauren WhatsApp na ƙungiya ya zama wurin faɗin wa aka tura ina. Kun san akwai masu kai rahoto daji.

Amana ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan iya maganarta a wannan gari na Talata Mafara in tsallake Bakalori ba. An gama madatsar ruwan Bakalori a 1978, kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta a kan Gulbin Sakkwato. Ruwa ya ci gonaki da gidajen dubban manoma, diyya ta yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyin aikin. Ranar 28 ga Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Masu bincike da mutanen ƙauyukan suka ce sun haura 380. A wannan zaure akwai jikokin waɗanda aka harba, wasunsu yau suna sanye da kaki. Ban tono wannan don in kunyata kowa ba, yawancinku ba a haife ku ba a lokacin. Na tono shi ne don manomin Maradun yana da dalilin da ya gada na yin shiru in ya ga kaki, kuma shirun nan shi ke kashe ku a yau, domin wanda ya ga 'yan bindiga sun wuce da asuba shi ne manomin.

Shekara tara bayan Bakalori, a Afirka ta Kudu, wani laftanan 'yan sanda mai suna Gregory Rockman ya ga 'yan kwantar da tarzoma suna dukan yara 'yan makaranta a Mitchells Plain. Ya fito fili ya faɗa, da kakinsa a jikinsa. Aka dakatar da shi, aka kama shi. Daga wannan tsayuwa aka kafa ƙungiyar POPCRU ta 'yan sanda da gandirobobi a 1989, kuma har yau tana nan. A Amurka kuwa an ga ɗaya fuskar. Ƙungiyoyin 'yan sandansu sun yi ƙarfi har suka zama garkuwar mai laifi. Jami'in da ya danne wuyan George Floyd a 2020 an sha kai ƙorafi a kansa fiye da sau goma kafin ranar, yana nan a bakin aiki. Ku zaɓi wadda za ku zama tun kafin a kawo muku ƙarar farko.

Za a kawo ta. Wata rana mamba zai harbi ɗan acaɓa a kan naira ɗari biyu, ko a kama shi yana sayar da harsashi. Kwamitin da Gwamna Matawalle ya kafa a 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar M. D. Abubakar, ɗan Gusau, ya ƙirga zawarawa 4,983 da marayu 25,050 daga 2011, kuma bai ɓoye cewa akwai hannun wasu jami'an tsaro a cikin ɓarnar ba. Ɗan sanda ne ya jagoranci rubuta wannan, kuma mutuncin aikin ya ƙaru da shi. Abin da ƙungiya ke bin mamba da ake tuhuma shi ne a yi masa adalci: a sanar da shi laifinsa, a saurare shi, ya sami mai ba shi shawara a shari'ar cikin gida, ya sami lauya a kotu, iyalinsa kada su kwana da yunwa. Ɓoye shaida, ko zuwa gidan wanda aka zalunta a tsorata shi ya janye, wannan ba ya cikin zumunci. Malamanmu sun karantar da mu cewa taimakon ɗan'uwa in yana zalunci shi ne a riƙe masa hannu. A rubuta a tsarin mulki cewa wanda kotu ta tabbatar ya ci amanar aiki ya fita daga ƙungiya. Kuma mamban da ya tona ɓarna aka tsangwame shi, shi ya fi kowa cancantar ku tsaya masa.

Rigakafin wannan shi ne ilimi, kuma ba shi da tsada. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, a tsare uba don ɗa ya gudu. Dokar 2017 ta mayar da azabtar da wanda ake tuhuma laifin da ake ɗaure jami'i a kansa. Tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotu na da nisa. Beli kyauta ne. Saje nawa aka zaunar aka karanta wa waɗannan da Hausa? Ga Kwalejin Abdu Gusau a garin nan, ga lauyoyi, ga alƙalai masu ritaya. Zama ɗaya a wata ya isa. A riƙa gayyato direbobi da 'yan kasuwa da ardo-ardo su ma su ji, su faɗi nasu, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai miƙa na goro a shinge yana da nasa kason.

Wa zai shiga? Na ji wasu na cewa a tsaya a kan 'yan sanda kawai. Ban yarda ba. A daji ɗan sanda da Sibil Difens da askari da ɗan banga mota ɗaya suke shiga. Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar ranar 31 ga Janairu 2024, su fiye da 2,600, ba sa cikin inshorar 'yan sanda ko fanshonsu. Ɗan banga kuwa sau da yawa ba shi da komai sai abin da gari ya tara masa. A watan Janairun 2025, a Tungar Kara, jirgin yaƙi ya yi kuskure ya hallaka mutanen da suka fito kare garinsu. Irin waɗannan su suka fi kowa buƙatar asusun mamata. Su ne kuma suka fi buƙatar karatun doka, don duk mun san yadda kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba tare da shari'a ba ya ƙara wa wutar nan fetur. A buɗe musu ƙofa a sashen taimakon juna da na horo, da sharaɗin sunansu na cikin rajistar hukuma, kuma ƙa'idar kora ɗaya ce ga kowa. 'Yan Hisba ma haka.

Maganar fansho ita ce ta fi ci wa tsofaffinmu rai. Tun 2004 aka sa 'yan sanda cikin tsarin fansho na karo-karo, wanda yanzu ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin ɗari, gwamnati kashi 10. An fitar da sojoji da jami'an leƙen asiri daga tsarin, an bar 'yan sanda. Ranar 21 ga Yuli 2025 tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zanga a Abuja suna neman a fitar da su. Mutum ya yi shekara 35 yana kwana a titi, abin da yake karɓa a wata bai sayi buhun shinkafa ba. Mai kaki ba zai iya ɗaga kwali ba, amma wanda ya yi ritaya ɗan ƙasa ne mai cikakken baki. Ku tattara takardun mambobinku da yardarsu: muƙamin da mutum ya ajiye aiki da shi, abin da aka ba shi a dunƙule, abin da yake karɓa a wata. Ku kai wa sanatan Zamfara ta Yamma, da ɗan majalisar Bakura da Maradun, da na Anka da Talata Mafara. Kuka ana iya cewa an ji, a wuce. Takarda mai suna da lamba ɗari biyu tana da wuyar turewa gefe.

Roƙona gare ku kafin a tashi shi ne kada ku fara da zaɓen shugaba. Ku fitar da mutum uku daga kowace ƙaramar hukuma, a cikinsu da mace, ku ba su wata biyu su bi caji ofis da bariki da fadar hakimai, su rubuto sunan duk jami'in da ya rasu a bakin aiki a ƙasar Mafara da Bakura da Maradun daga 2011 zuwa yau, da inda iyalinsa suke, da inda fayil ɗinsa ya tsaya. Iyayenmu sarakuna, muna roƙon ku ba su masu yi musu jagora. In sun dawo da littafin, a karanta shi a wannan zaure, sannan a tambayi wa ke son shugabanci.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya raya abin da suka bari, ya tsare waɗanda ke bakin aiki a daren yau, ya dawo wa Zamfara da zaman lafiya.